Yaya za mu yi wa 'yan mutawassiɗa bayanin kisan ƙare dangi?

Ustaza Halima (Gadarif)
Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Wata magana ce ta hana ni barci tun ranar Talata, na ga gara in kawo ta gabanku. Ina koyar da tarihi a aji biyu na mutawassiɗa, a wata makarantar 'yan mata a nan Gadarif. Yarana 63 a aji ɗaya, kusan rabinsu ba 'yan garin ba ne, yaƙi ne ya koro su. Akwai na Khartum, akwai na Madani da Sinja, akwai biyu daga Darfur, sai kuma 'ya'yan 'yan uwanmu Hausawa da suka baro Rusairis da Wad al-Mahi tun rikicin 2022, kafin ma babban yaƙin ya ɓarke.

Muna tsakiyar darasi sai wata 'yar shekara 13 daga cikin 'ya'yanmu na Wad al-Mahi, wadda ko sunanta na kira da ƙyar ake jin amsarta, ta ɗaga hannu. Ta ce kullum tana jin ana cewa "ibada jama'iyya", wato kisan ƙare dangi da Larabci, a wayar babanta in ana zancen garin Fashir na Darfur. Ta ce, "Ustaza, mene ne shi? Abin da aka yi mana a ƙauyenmu ma shi ne?" Aji ya yi tsit. Ban kai ga buɗe baki ba wata daga baya ta jefo mata magana da Larabci, wai ai ku dama ba 'yan ƙasa ba ne. Na daka mata tsawa, na ce kowa ya buɗe littafi. Iyakar abin da na yi ke nan. Na guje wa tambayar, kuma na ga sanda yarinyar ta sunkuyar da kai, ba ta sake ɗagowa ba har aka tashi.

A cikin abin da aka ba ni in koyar babu darasi a kan wannan, amma zuciyata ta ƙi yarda in bar shi haka. To malamai da iyaye, yaya ake yi wa yara masu shekara 12 zuwa 14 bayanin kisan ƙare dangi da haƙƙin ɗan Adam, alhali wasunsu da idonsu suka gani, kuma 'ya'yan ɓangarori daban-daban ne a kan benci ɗaya?

Alhaji Garba (Maiwurno)
Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya yi miki albarka da wannan tausayi. Amma shawarata ki kama bakinki, baki shi ke yanka wuya. Kin manta farkon 2021? Hoto ɗaya tak a littafin tarihi na aji shida ya tayar da ƙura a masallatai, har Firayim Minista Hamdok ya dakatar da sabuwar manhaja, shugaban cibiyar tsara manhaja Umar al-Garrai ya ajiye aikinsa. Lokacin ma babu yaƙi. Yanzu kuwa kalma ɗaya yarinya za ta kai gida a karkace, gobe a ce malama Bahaushiya tana goyon bayan wane. Kin san abin da sunan "muta'awin", wato ɗan haɗin baki, yake jawo wa mutum a kwanakin nan. Ki koyar da abin da ke littafi, ki ja yarinyar gefe ki rarrashe ta, sauran ki bar wa Allah.

Sani (Kassala)
Baba Alhaji, ka gafarce ni, amma wannan shirun ne ya kai mu inda muke. Fiye da shekara 120 ke nan da yaƙin Burmi na 1903, da kakanninmu suka biyo Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru suka sauka a bakin kogin Nilul Azraƙ, wasu ma sun riga su zuwa ta hanyar hajji. Hannunmu na cikin audugar Jazira, yana cikin dawa da riɗin Gadarif, amma har yau 'yar ƙaramar yarinya tana ce wa 'yarmu ba 'yar ƙasa ba. A gida ta ji, kuma a makaranta ba wanda ya taɓa gaya mata akasin haka. A Yulin 2022 an kashe sama da mutum 100 a Nilul Azraƙ, muka fito kan titi a nan Kassala, a Oktoba aka sake na Wad al-Mahi wanda ya fi muni. Ustaza, ki gaya wa yarinyar eh, kisan ƙare dangi ne. Ki fara koya musu namu tukuna.

Lauya Abdurrahman (Bur Sudan)
Sani ƙanena, zafinka zafina ne, amma kada mu sa Ustaza ta faɗi abin da gobe wani zai ƙaryata ta a kai. Yaro in ya kama malaminsa da ƙarin gishiri sau ɗaya, ya daina yarda da sauran maganarsa.

Kalmar nan tana da ma'ana ta shari'a. Wani lauya Bayahude ɗan Polan, Raphael Lemkin, wanda danginsa da yawa suka hallaka a hannun 'yan Nazi, shi ya ƙirƙiro ta a 1944. Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da yarjejeniyar hana wannan laifi ranar 9 ga Disamba 1948, washegari aka fitar da sanarwar haƙƙin ɗan Adam mai sashe 30. Sudan ta shiga yarjejeniyar a 2003. Ayyuka biyar ta lissafa: kisa, mummunar cutarwa ga jiki ko hankali, jefa mutane cikin halin da zai hallaka su, hana su haihuwa, da ƙwace 'ya'yansu a mayar wa wata al'umma. Sharaɗin shi ne a yi su da niyyar shafe wata al'umma, dukkanta ko wani sashenta, saboda asalin ƙasarta, ƙabilarta, launin fatarta ko addininta. Niyya ake dubawa, ba yawan gawa ba. A Srebrenica ta ƙasar Bosniya, a Yulin 1995, maza da samari sama da 8,000 aka kashe, kotu ta ce kisan ƙare dangi ne. Akwai yaƙoƙin da aka rasa ninkin-ba-ninkin wannan ba a ba su sunan ba.

Na Nilul Azraƙ babu kotun da ta yanke wannan hukunci, kuma adadin da ka kawo har da gawarwakin ɗaya ɓangaren a ciki. Abin da Ustaza za ta faɗa hankalinta kwance shi ne: an kashe mutane, an ƙone gidajensu saboda ƙabilarsu, kuma wannan babban laifi ne a wurin Allah da wurin doka, ko da wane suna aka kira shi.

Sani (Kassala)
Wato jininmu sai Bature ya sa hannu a kotun duniya ta Heg kafin ya zama jini?

Lauya Abdurrahman (Bur Sudan)
Ko kusa. Dubi Darfur. A Satumban 2004 sakataren harkokin wajen Amurka Colin Powell ya ce kisan ƙare dangi ne. A Janairun 2005 kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya ƙarƙashin Antonio Cassese ya ce an tafka manyan laifuka kan bil Adama, amma bai ga gwamnati ta ɗauki manufar ƙare dangi ba. Kotun duniya ta ba da sammacin shugaban ƙasa na lokacin, Umar al-Bashir, a 2009 babu wannan tuhuma, sai a 2010 ta ƙara ta. Ali Kushayb, jagoran mayaƙan Janjawid, da aka samu da laifi a Oktoban 2025, tuhuma 27 ce, babu ƙare dangi ko ɗaya a ciki. Wannan ya rage zafin mutanen Mukjar da Deleij? Bai rage ba. Na garin Janaina a yammacin Darfur kuwa, masu binciken Majalisar sun ƙiyasta mutum 10,000 zuwa 15,000 a 2023, akasarinsu Masalit, kuma a Janairun 2025 Amurka ta ce dakarun Da'am Sari, wato RSF, sun aikata kisan ƙare dangi. Ka ga sunan yakan zo a makare, wani lokaci ma ba ya zuwa. Shi ya sa ba na so yarinyar ta ɗauka darajar mamatanta ta rataya a kan kalma ɗaya.

Maman Ikram (Damazin)
Ni ba malama ba ce, uwa ce. Ɗana yana aji ɗaya na mutawassiɗa. Har yau in raksha ta yi ƙara a bayan gida sai ya shige ƙarƙashin gado, ga shi ya fi ni tsawo. Roƙona gare ki Ustaza, duk abin da za ki koyar kada ki nuna musu hoton gawa, kada kuma ki ce "wa zai ba mu labarin abin da ya gani". Wata malama ta yi wa ajin ɗana haka, da kyakkyawar niyya na sani, yaron ya yi mako bai je makaranta ba. Wanda yake son faɗa zai same ki shi kaɗai. Kuma ki sanar da mu iyaye kafin ranar, don in ya dawo gida jikinsa a sanyaye mu san dalili.

Amma ban yarda da Baba Alhaji cewa a yi shiru ba. Wayoyin nan sun riga sun nuna musu komai. Abin da suka rasa shi ne babba mai hankali da zai zauna da su a kai.

Mai kula da zaure
Na goge bidiyon da wani ya turo yanzu, da saƙon da ya biyo bayansa mai zagin wata ƙabila da sunanta. Akwai waɗanda suka rasa 'yan uwa a cikinmu. Wanda ya sake, zan fitar da shi.

Malam Nuhu (Makka)
Ustaza, kina da ƙofar da babu uban da zai rufe miki ita: abin da yaran suka haddace tun suna allo. Suratul Buruj kowa ya iya ta, amma nawa ne aka tsaya aka gaya musu labarin mutanen da aka haƙa wa rami aka ƙone ba don komai ba sai don imaninsu? Fir'auna yana yanka 'ya'ya maza na Bani Isra'ila yana barin mata, in kin ɗora shi kan abin da Lauya ya lissafa za ki ga ya zauna daram. Ga ayar Ma'ida cewa wanda ya kashe rai ɗaya ba da hakki ba kamar ya kashe mutane duka ne. Ga Hujurat da ta hana izgili da jifan juna da munanan laƙabi. Ga Abu Zarr da ya goranta wa wani mutum uwarsa, Manzon Allah (SAW) ya ce masa lallai akwai jahiliyya a tare da kai. Sahabi ne fa babba, kan magana ɗaya.

Sai dai akwai wani abu da zan faɗa wanda Sani ba zai so ba. Ni haifaffen Kano ne, na fi shekara 30 a nan. A 1966 an kashe dubban 'yan ƙabilar Ibo a garuruwan arewacin Najeriya, kuma da yawa daga masu riƙe da makami Hausa suke yi. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya ɓoye wani makaniki da matarsa kwana huɗu a ɗakin hatsi, har ya mutu in ya tuna waɗanda bai iya ɓoyewa ba sai ya yi hawaye. In za a koya wa 'ya'yanmu cewa an zalunce mu, a koya musu cewa mu ma hannunmu yana iya ɗaukar adda.

Sani (Kassala)
Allah ya gafarta Malam, me ya haɗa yarinyar Wad al-Mahi da abin da aka yi a Kano kafin a haifi uwarta? Kuma ai ba haka kawai ya faru ba, a Janairun shekarar an kashe Sardauna da Tafawa Ɓalewa.

Malam Nuhu (Makka)
Ka ji abin da ka faɗa kuwa, ɗana? "Ba haka kawai ya faru ba." Haƙiƙa an kashe su, kuma zalunci ne. Amma makanikin nan shi ya harbe su? Wannan jumlar taka ita ce dai wanda ya ƙone gidan yarinyar zai faɗa in ka tambaye shi: ai wani Bahaushe ne ya fara, ai filinmu suke so, ai sarauta suke nema a ƙasar da ba tasu ba. Duk inda aka yi kisan taro, sai da aka fara ɗora laifin mutum kaɗan a kan al'umma sukutum. Ba na cewa a ɗora wa yarinyar laifin Kano, haram. Ina cewa in malama ta nuna wa yara cewa mugunta halin wata ƙabila ce, to ta raini masu ramuwa, ba masu hanawa ba.

Ustaz Bashir (Kosti)
Bari in kawo abin da na gwada da 'yan aji uku, samari. Ban fara da Sudan ba, domin wuta in tana kusa ba a iya kallonta. Na kai su Ruwanda. A 1994, cikin kwana kusan 100, aka kashe mutum wajen 800,000, akasarinsu Tutsi, har da Hutu da suka ƙi yarda. Harshensu ɗaya, suna auratayya, coci ɗaya suke shiga. Ban tsaya kan yadda aka yi kisan ba, na tsaya kan abin da ya gabace shi. Tun a shekarun 1930 Turawan Beljiyam suka rubuta wa kowa ƙabilarsa a katin shaida, wannan katin aka riƙa dubawa a shingayen hanya. Sannan gidan rediyon RTLM ya yi ta kiran Tutsi "inyenzi", wato kyankyaso, har kunne ya saba. Na tambaye su, wa yake jin zunubi in ya take kyankyaso? Daga nan suka gane da kansu.

Sai na ba kowa guntun takarda, na ce ya rubuta mummunan sunan da aka taɓa kiransa da shi saboda asalinsa, kada ya sa sunansa. Na tattara, ban karanta su a fili ba, ƙirgawa kawai na yi. Cikin yara 48, takarda 5 ce kaɗai ta dawo fara. Ɗan arewacin Sudan, ɗan Nuba, ɗan Darfur, Bafulatani, Bahaushe, kowa da nasa tabon. Wannan ƙidayar ta yi aikin da wa'azina na wata guda bai yi ba.

Abu biyu kuma ki riƙe. Kada ki raba aji gida biyu ki ce ku ne masu kisa ku ne waɗanda ake kashewa don wai su ji a jikinsu. Wasan yana ƙarewa a aji, sunan ya bi yaro har gida. Na biyu, ki ba su mutanen da za su yi koyi da su. Akwai Kyaftin Mbaye Diagne, sojan Senegal Musulmi cikin rundunar Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda ya yi ta ɗibar mutane kaɗan-kaɗan a motarsa yana ratsa shingaye da su, har aka kashe shi ranar 31 ga Mayu 1994. Akwai kuma ɗaliban makarantar Nyange. A Maris 1997 'yan bindiga suka shiga ajinsu da dare suka ce Hutu gefe, Tutsi gefe. Yaran suka ƙi, suka ce su duka 'yan Ruwanda ne. Aka kashe wasu daga cikinsu. Da na kai nan babu wanda ya motsa a ajin, don 'yan makaranta ne kamarsu.

Hajiya Rabi (Madani)
Ustaz Bashir, Allah ya saka. Wannan na takardar ko mu manya ya kamata a yi mana. Bayan sojoji sun karɓe Madani a Janairun 2025 an kai wa mutanen kanabi hari ana ce musu 'yan haɗin baki, leburorin gona da aka haifi kakanninsu a nan. Kalmar ta daɗe tana yawo a bakin mutane kafin ta zama harsashi.

Isiyaku (Jidda)
Ni wannan haƙƙin ɗan Adam ɗin ne ban gane ba. Waɗanda suka rubuta shi ina suke a Gaza? Ina suke a Fashir da aka yi wa ƙawanya fiye da shekara? Za mu cika kan yara da takardar Turawa da su kansu ba sa aiki da ita.

Dakta Zainab (Jidda)
Yaya Isiyaku, wannan ƙorafin gaskiya ne, kuma a faɗa wa yaran shi, kada a ɓoye. A Afrilun 1994, ana tsakiyar kisa, Kwamitin Sulhu ya rage sojojinsa a Ruwanda zuwa 270. Jamus sai a 2021 ta amsa cewa abin da ta yi wa Herero da Nama a Namibiya daga 1904 zuwa 1908 kisan ƙare dangi ne, bayan ƙarni ɗaya da ɗoriya. Ɗan shekara 13 ya isa ya ji wannan. Amma in alƙali ya ci hanci ba a ƙone doka. Da yarjejeniyar hana kisan ƙare dangi Gambiya, ƙasar da ba ta kai wata wilayar Sudan yawan mutane ba, ta kai Myanmar kotu a 2019 saboda Rohingya. Da ita Afirka ta Kudu ta kai Isra'ila a Disamban 2023. Kuma Afirka na da nata kundin tun 1981. Asalin maganar ma ba a 1948 ta fara ba: Hilful Fudul da aka ƙulla a Makka don ƙwato wa baƙo haƙƙinsa, da huɗubar ban kwana da ta haramta jini da dukiya da mutunci, duk yaranmu za su iya ɗora su kusa da sashe na farko na sanarwar su gwada.

Abin da ya fi damuna shi ne batun jin kowane ɓangare, don nan malamai suke zamewa. Jin ɓangarori ba ya nufin a ce wa yara "wasu sun ce an kashe, wasu sun ce ba a kashe ba, ku zaɓa". Cewa 'yan Nazi sun hallaka Yahudawa miliyan 6 ba ra'ayi ba ne, haka kaburburan Srebrenica, haka na Janaina. Mai musun gawa ba shi da kujera a aji. Inda ake jin ɓangarori shi ne: me kowa yake tsoro, me aka gaya masa, yaya jikokinsa suke tuna abin. Ga misali daga tarihin da Ustaza take koyarwa. A 1897 rundunar Khalifa Abdullahi, magajin Mahadi, ƙarƙashin Mahmud Wad Ahmad ta afka wa Matamma ta karkashe Ja'aliyyin. Jikan Ansar, wato mabiya Mahadi, zai ce garin ya yi tawaye ne daidai lokacin da maƙiyi ke tahowa daga arewa. Jikan Matamma zai ba ki labarin matan garinsu. A bar yara su ji duka biyun, sannan a tambaye su: ko da tawayen gaskiya ne, ya halatta jinin mace da yaro? Abin ya yi nisa, ba wanda zai ce Ustaza ta shiga siyasar yau, amma tambayar ita ce dai ta yau.

Alhaji Garba (Maiwurno)
Na karanta duka. Tsorona bai tafi ba, ku yara ba ku ga abin da muka gani ba. Amma maganar Malam Nuhu ta tuna mini wani abu. A rikicin 2022 ɗan ƙanena da iyalinsa sun tsira ne saboda maƙwabcinsu, wanda yake daga ɗaya ɓangaren, ya tsaya a bakin ƙofa ya ce sai dai a bi ta kansa. Har yau ba ma faɗin sunansa don kada nasa su cutar da shi. In za ki yi, 'yata, irin wannan ki faɗa. Kuma ki fara zuwa wurin mudira, shugabar makarantarku, ki kira majalisar iyaye, kada ki ɗauki kayan nan ke kaɗai. Mu da muke zaman judiyya mun san ba a fara sulhu da ƙirga gawa, sai an zaunar da mutane an sha ruwa tukuna.

Sani (Kassala)
Na ji, Baba. Malam Nuhu, ka yafe mini in na ɗaga murya. Amma har yanzu ina kan bakana a abu ɗaya: kada a tafi Ruwanda da Bosniya a manta a dawo. Yarinyar ƙauyensu ta tambaya. Kuma wadda ta ce mata ba 'yar ƙasa ba tana buƙatar ta ji tarihin Maiwurno daga bakin malamarta.

Ustaz Bashir (Kosti)
A nan ina tare da kai, Sani. Ruwanda ta dakatar da koyar da tarihin ƙasarta a makarantu fiye da shekara 10 bayan 1994 don tsoron irin wannan. Yara ba su zauna babu tarihi ba, kowa na gidansu ya koya.

Ustaza Halima (Gadarif)
Iyayena da yayyena, na dawo da bayani bayan kwana tara. Na je wurin mudira kamar yadda Baba Alhaji ya ce. Ta yi jim, sannan ta yarda da sharaɗin kada a ambaci ɓangarorin yaƙin yanzu a aji, kuma ita ma za ta zauna a baya. Na aika wa iyaye saƙo, uku suka ce 'ya'yansu kada su zauna, na ba su aiki a ofis ban sa kowa ya lura ba.

Na fara da Hujurat, sannan Ruwanda, sannan takardun Ustaz Bashir. Cikin 60, bakwai ne suka dawo babu rubutu. Da na ba da labarin Nyange wata ta tambaye ni, "Ustaza, da ke ce a ajin za ki tashi?" Na ce mata ina roƙon Allah ya ba ni zuciyar da zan zauna tare da ku. Ita mudira na ga tana share ido da gefen taubinta.

Mai tambayar farko na same ta ita kaɗai bayan an tashi. Na gaya mata yadda Lauya ya tsara: kotu ba ta ba abin ƙauyensu wancan sunan ba, amma an zalunce su, zalunci babba, ba su yi komai da suka cancanci haka ba, kuma na yi kuskure da na ƙi amsa mata ranar. Ba ta ce komai ba, ta dai riƙe hannuna ta daɗe.

Wadda ta yi gorin ce ta ɗaure mini kai. Ta zo washegari da kanta, ba don ta ba da haƙuri ba. Ta ce an kashe yayanta a hanyar fitowarsu daga Khartum, kuma a gidansu kullum ana cewa baƙi ne suka cinye ƙasar. Ta ce, "To in ba su ba ne, wa zan tsana?" Ban ba ta amsa ba tukuna, na ce mu zauna ranar Lahadi. Sati mai zuwa zan yi darasin Matamma, bayansa hanyar mahajjata da kafuwar Maiwurno, Sani na cika maka alkawari. Amma ita wannan yarinyar, don Allah ku taya ni tunanin abin da zan ce mata kafin Lahadi.

Maman Ikram (Damazin)
Kada ki yi saurin ba ta amsa, Ustaza. Ki fara tambayarta sunan yayan nata, da abin da yake so, da yadda yake kiranta a gida. Mai yiwuwa tun da suka iso Gadarif babu wanda ya tambaye ta.

Malam Nuhu (Makka)
Ki turo mini sunansa ta akwatin sirri, Ustaza, in za ta yarda. Gobe Juma'a zan sa shi a addu'a a Harami, tare da mamatan ƙauyen ɗayar.